Abin da Ke Shaƙe Auduga

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na karanta saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta ce wai na cika son kaina. 'Yar nan, ban musa miki ba. Amma ki bari ki ji na yau tukuna, sannan ki yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Atika, ɗiyar Alhaji Maccido mai atamfa, a Ƙofar Atiku cikin birnin Sakkwato. Abin da nake ba ku labari ya faru ne a shekarar da soja suka ƙara yawan jihohi, aka buɗe firamare kyauta, aka kwashi irinmu da muka fito kwalejin horon malamai aka watsa mu azuzuwa. Kuɗin mai na yawo a gari kamar ruwan Agusta. Wanda jiya yake tura baro, yau ka gan shi da babbar riga ana ce masa ɗan kwangila. Duk cikin masu sababbin motocin nan, ni ban ga wanda ya kwanta mini ba sai Siddiƙu, malamin dabbobi, mai Vespa ruwan toka da warin maganin shanu a hannun riga.

Inna ba ƙin sa take yi ba, raina shi take yi.

"Mutum shina da ilimi, ya rasa abin dubawa sai gindin saniya?" Haka take cewa kullum in ta ji ƙugin babur ɗinsa.

Akwai wani Alhaji Ladan mai kwangilar siminti da ke aiko da gaisuwa, har rediyo mai kaset ya aiko mana. Baba kuwa yana Ikko tun kafin azumi, yana jiran dilolin atamfarsa da suka maƙale cikin jirgi a bakin teku. Inna ta gindaya mini sharaɗi: "Ranar da Alhaji yad dawo, in wanga yaro bai turo manyanshi ba, ni da bakina za ni amsa ma mutanen Ladan."

To, a wannan shekarar ce gwamnati ta ce kowa ya noma abin da zai ci ko a bayan ɗakinsa ne, ofishin su Siddiƙu na ta raba kaji da zomaye. Rannan ya zo da kwali ɗaure a bayan babur. Ina buɗewa na ga zomanya fara fat, idanu jajaye kamar tsakiyar da mata ke ratayawa a wuya, tana motsa hanci.

"Wannan ba ta tukunya ba ce," in ji shi. "Taki ce."

Na sa mata suna Auduga. Ya kawo keji, ya kawo buhun abincin kanti, 'yan dunƙule-dunƙule masu tauri kamar ƙwayar magani. Aka ajiye kejin a sararin da ke tsakanin zaure da shigifa, ƙarƙashin dogonyaro. Amma ni da sassafe nake fita makaranta, sai bayan azahar. Saboda haka ba ta abinci ya faɗa hannun Sakinatu.

Sakinatu ɗiyar ƙanen Babana ce. Da mahaifinta ya rasu aka ɗauko ta daga Wurno, ɗakinmu ɗaya, gadonmu ɗaya mai rumfa, na ba ta shekara guda. Ba ta da surutu. Irin mutanen nan ne da ko tsumma suka ɗaura sai ya yi musu kyau: dogon wuya, wushirya, ga kumatu masu loɓawa in ta yi murmushi. Wallahi kafin zuwan Auduga ban taɓa lura da wannan duka ba.

Ranar da abin ya fara, Laraba ce bayan la'asar, ranar zuwan Siddiƙu. Na ci ado: leshi ruwan ƙwai, ɗaurin ɗankwali mai hawa biyu, takalmi mai tudu wanda in na taka sai an ji ni daga tsakar gida, turare kuwa har sai da Inna ta yi atishawa. Muna zaure yana ba ni labarin wani raƙumi da ya cije shi a Illela, ina dariya ina rufe baki da gefen mayafi, sai muka ji ihu.

"Yaya! Yaya Atika! Auduga za ta mutu!"

Muka fita a guje. Auduga ta miƙe wuya sama, baki buɗe, tana wani irin kakari marar sauti. Kumfa kore na fitowa ta hancinta, tana dukan bakinta da ƙafafun gaba kamar mai son cire wani abu. Leɓɓanta sun fara shuɗi. Ni dai na tsaya ƙiƙam.

"Ta shaƙe!" in ji Siddiƙu. "Ɗauko ta! Tallafi bayanta da kyau kar ta karye, kai ƙasa!"

Ba ni na ɗauko ta ba. Sakinatu ce ta kwantar da ita a kan damtsenta, kai ƙasa, shi kuma yana bubbuga tsakanin kafaɗunta da yatsu biyu. Wasu gutsattsari suka zubo, amma numfashi bai dawo ba.

"Hancin ya toshe, kuma zomo ta hanci yake numfashi." Ya shiga laluben aljihu. "Kash, ban zo da sirinji ba!"

Bai rufe baki ba Sakinatu ta kafa bakinta a hancin zomanyar ta zuƙa, ta tofar, ta sake zuƙa. Auduga ta yi atishawa, ta ja wani dogon numfashi, cikinta ya shiga hawa da sauka.

Masu karatu, na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma da na ɗaga kai sai na ga kallon da Siddiƙu ke yi wa Sakinatu. Tun da muke da shi nake jiran ya yi mini irin wannan kallon.

"Wa ya koya miki wannan?"

Ta sunkuyar da kai tana goge baki da bakin zane. "Haka Babana ka yi ma ɗan akuya in an haihe shi bai yi kuka ba."

"Wallahi ke kika cece ta."

Ita ga ta da koɗaɗɗen zane, hannu na warin daddawa, ko kwalli babu. Ni kuwa ina tsaye da leshina kamar 'yar tsanar da aka jingine a kanti.

Kafin ya tafi ya yi mana bayani. Ya ce zomo ba ya amai, abin da ya tsaya masa a maƙogwaro ba shi da hanyar dawowa da kansa. "Shaƙewa sau ɗaya tsautsayi ne," in ji shi. "In ta sake, to akwai dalili, kuma sai mun nemo shi. In ba haka ba wata rana za a wayi gari babu ita."

Ta kuwa sake. Ta kuma sakewa.

Da farko ya zargi ƙyallayen atamfar da na shimfiɗa mata, ya ce ko zare take haɗiya. Aka kwashe su, aka zuba yashi. Ta shaƙe. Ya ce ko garin da ke gindin buhu ne take shaƙa, aka riƙa tankaɗe abincin da rariya. Ta shaƙe. Ya kawo abin sauraren ƙirji ya ɗora mata, ya ce huhu lafiya lau. Ya ɗaga leɓenta ya duba haƙoran gaba, ya ce sumul suke. Inna ta ce duk ɓata lokaci ne. "Baki na. Dabba hwara kamar wagga, kowa yash shigo sai ya tanka." Ta turara mata hayaƙi, ta ɗaura 'yar laya a ƙofar keji. Auduga ta cinye zaren layar, bayan kwana biyu ta shaƙe.

Zancenmu kuwa ya tashi daga zaure ya koma gindin dogonyaro. Babur na tsayawa, sallama, gaisuwa a tsaitsaye, sai: "Yaya Auduga ta kwana?" Kuma wa za a tambaya in ba mai ba ta abinci ba?

"Sakinatu, ta ci da safe?"

"Ta ci kaɗan."

"Ruwa fa?"

"Ta sha."

"Kashinta fa, ya ƙanƙance ko yana nan yadda yake?"

Ku ji fa! Saurayina ya zo zance, ana hirar kashin zomo da wata, ni ina gefe ina ƙamshi a banza. Su durƙusa gaban keji, kansa kusa da nata, ita ta riƙe, shi ya shafa. In na sa baki sai ya ce, "Malama, matsa kaɗan, kin tare haske."

Sai na fara lura da wasu abubuwa. Sakinatu da ba ta damu da madubi ba, ranar Laraba sai ta zizara kwalli. Ta fara goge ƙafa da dutse. Zanen da Baba ya ba ta tun Sallar bara, wanda ke ƙasan adaka, ya fito.

Ku 'yan yanzu kuna da waya, kuna leƙa wa ya duba hoton wa. Mu a lokacin filin gaishe-gaishe na rediyo ne wayarmu. Ranar Juma'a da yamma duk gida a kewaye akwatin rediyo, kowa ya kasa kunne ko za a ambaci sunansa. Muna zaune ina yi wa Inna tsifa, sai mai gabatarwa ya ce: "Sai katin Siddiƙu Mode na ofishin dabbobi, yana gaida Sakinatu Ƙofar Atiku, da Malama Atika, da Auduga, ya ce Allah ya ba ta lafiya."

Sakinatu. Sannan ni. Sannan zomanya.

"Wayyo! Atika, gashina za ki tuge?" in ji Inna. Ta juyo ta dube ni, ta dubi Sakinatu da ke tsince shinkafa kai a ƙasa, ta taɓe baki. "Hm. Ladan dai da ya aiko gaisuwa, ba ya haɗa ki da dabba."

Da na tare Siddiƙu da maganar, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Haba Malama! Mai karantawa ne ya juya sunayen."

"Me ya kawo sunanta cikin katin tun farko?"

"Ba ƙanwarki ba ce? In gaishe ki in tsallake wadda ke wahala da dabbarki?"

Magana ce mai ma'ana, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi.

Hausawa sun ce kishi kumallon mata ne, in ya motsa sai an haras. Nawa ya motsa, na rasa inda zan zubar. Ina gaban allo ina koya wa yara baƙi da wasali, zuciyata na gindin dogonyaro. A nan wani tunani ya shigo mini: duk shaƙewar da Auduga ta yi, Sakinatu ce ta zuba abincin. Kuma duk sanda ta shaƙe, Siddiƙu sai ya zo, ko ba ranar zuwansa ba ce. To wa ke cin ribar ciwon nan? Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari na ce kaina na ciwo, ban je makaranta ba. Na laɓe a shigifa, inda akwai 'yar taga mai kallon keji, na kafa ido. Sakinatu ta zo da kwano, ta tankaɗe abincin, ta zuba, ta canja ruwa, ta zauna kan turmi tana 'yar waƙarta ta mutanen Wurno. Na jira in ga ta kwance bakin zane ta fito da wani abu. Ba ta kwance ba. Na jira in ga ta tura wa dabbar wani abu a baki. Ba ta tura ba.

Tun da na rasa abin gani a hannunta, idona ya sauka kan Auduga. Ta afka wa kwanon kamar wadda ta yi mako ba ta ci ba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta karkata kai dama, ta juya ta a baki, ta yar. Ta sake ɗauka, ta yar. Can sai ta kwashi uku ko huɗu ta haɗiye haka nan, ban ga muƙamuƙinta ya yi wannan niƙan da zomo ke yi ba. Gashin haɓarta a jiƙe yake, ya cure ya yi rawaya. Na gani sarai, amma ban ɗauke shi bakin komai ba. Ba shi na zo nema ba.

Da yamma muna ɗaki tana ninke kaya, na tura ƙofa.

"Sakinatu, me kike ba Auduga?"

"Abincinta mana, Yaya."

"Bayan shi fa?"

Ta tsaya da ninkin. "Ban gane ba."

"Za ki gane. Me ya sa ba ta shaƙewa sai a hannunki? Me ya sa kwalli ba ya shiga idonki sai ranar Laraba?"

Ta dube ni, idanunta suka ciko. "Yaya, ni? Ni da nis sa bakina ga hancinta?"

"Ai shi ya sa aka gaishe ki a rediyo kafin ni."

Hawaye suka gangaro, ta bar su.

"Daga yau kar ki ƙara taɓa ta. Ko kusa da kejin kar in gan ki."

"To," ta ce. Ta ɗauki tabarma. Daga ranar ta daina hawa gado, a ƙasa take kwana.

Na karɓi kiwon da kaina. In zuba kafin in fita, in zuba in na dawo. Kwanaki suka wuce lafiya, ina ta cewa a raina: ka gani ko? Na kama ɓarauniya. Har na fara shirya yadda zan gaya wa Siddiƙu.

Ran Asabar Inna da Sakinatu suka tafi taron suna a unguwar Gawon Nama tun da hantsi. Gida ya rage daga ni sai tantabaru. Na tankaɗe abinci da hannuna, na zuba da hannuna, na tsuguna ina kallo. Auduga ta afka, ta karkata kai, ta yar, ta kwasa, ta haɗiye. Sai ta tsaya cak. Ta miƙe wuya sama. Kumfar nan ta fara fitowa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ƙwala kiran Sakinatu har sau biyu kafin in tuna tana can wata unguwa, kuma rabonta da kejin nan tun ranar da na kore ta.

Ban san sanda na fizgo zomanyar ba. Na kwantar da ita a damtsena, kai ƙasa, na tallafi bayanta yadda na ga an yi, ina bubbugawa ina kuka. Abu ya zubo, numfashi shiru. Jikinta ya fara saki. Ni Atika, da ko kifi ba na iya gyarawa don ƙyama, na kafa bakina a hancin nan na zuƙa. Ɗaci da gafi suka cika mini baki. Na tofar, na sake. A karo na uku ta yi atishawa a fuskata.

Na zauna daɓas a ƙasa da ita a ƙirjina, zuciyarta na bugawa kamar kalangu, tawa ma haka. Abu biyu suka zo mini tare: ta rayu, kuma Sakinatu ba ta da hannu.

Ban jira Inna ba. Na naɗe Auduga a tawul, na sa ta a kwando, na ja mayafi na tari tasi. A shataletale soja sun tsare hanya suna sa wani direba tsallen kwaɗo, muka daɗe a tsaye, ni dai hannuna na cikin kwando ina jin numfashinta. Na sami Siddiƙu a bayan ofishinsu, ya naɗe hannun riga yana wanke wa wani jaki gyambo. Da ya gan ni ya saki audugar hannunsa.

"Malama! Lafiya? Ina Sakinatu?"

Na haɗiye wannan. "Ta sake shaƙewa. A hannuna. Ni na zuƙe mata."

"Ke?"

"Ni. Kuma ka saurara, akwai abin da na gani." Na zayyana masa duka: yadda take karkata kai gefe guda, yadda take yar da abinci ta sake ɗauka, yadda take haɗiya ba tauna, da jiƙaƙƙen gashin haɓarta.

Ya sa yatsa ya shafa haɓar, ya bi gefen muƙamuƙinta a hankali. Da ya zo hagu ta zabura.

"Kai, Siddiƙu," ya ce da kansa, ya dafe goshi. "Na duba ƙofa na bar ƙuryar ɗaki. Yaushe kika lura da wannan duka?"

"Na daɗe ina kallo," na ce. Ban gaya masa wa nake kallo ba.

Ya shiga da mu wani ɗaki mai teburin ƙarfe. Ya yi mata allurar barci 'yar kaɗan, ya ce dole a yi hattara don zomo ba ya jure ta da yawa. Da jikinta ya saki ya sa wani ɗan ƙarfe ya buɗe bakin, ya miƙo mini tocila.

"Haska nan. Can ciki. Kin gani?"

Na gani. Bakin zomo ashe dogon lungu ne. Can ƙurya, haƙorin tauna na hagu ya yi tsawo, ya karkato ciki, ya yi tsini kamar ƙayar aduwa. Gefen harshenta duk ya yanke, ya yi ja, wani wurin har ya yi fari.

"Ga ɓarawon," in ji shi. "Duk sanda ta tauna sai ya soke ta. Don haka ta daina tauna. Ga yunwa na cin ta, sai ta kwasa ta haɗiye da ƙarfi, abu busasshe mai tauri, ya tsaya a wuya."

"Me ya sa ya yi haka?"

"Haƙorin zomo ba ya daina tsiro har ya mutu. Ciyawa ce ke cinye shi, tana goge shi kullum. Ni na kawo muku buhun kanti na ce ya wadatar, ban ce ku haɗa mata da harawa ba. Riƙe tocilar da kyau."

Ya ɗauko ɗan siririn magagari ya shiga goge tsinin a hankali, ƙarar na shiga mini har cikin haƙorana. Gumi na zuba daga goshinsa, ni na sa gefen mayafina na share masa, bai hana ba. Da ya gama ya shafa mata magani a harshe, muka zauna jiran ta farka.

Ya ce daga yau harawa da ɗanyar ciyawa da ganyen gyaɗa su ne abincinta. Na kanti ɗan kaɗan, a jiƙa shi, a baza a faranti don kar ta samu na kwasa. Kafin harshen ya warke kuma sai an riƙa ɗura mata kunun dusa da sirinji, kaɗan-kaɗan, safe da rana da yamma. Kuma lokaci-lokaci a kawo ta a duba, don haƙorin zai iya komawa.

Auduga ta motsa kunne. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Yau kin ba ni mamaki, Malama. Da ba don idonki ba da mun rasa ta." Ya shiga wasa da tocilar. "Na ji an ce Alhaji na hanya. Yana sauka zan turo kawuna gidanku."

Masu karatu, ban san yadda na iso gida ba. Ko faɗan da Inna ta yi mini na fita ba izini bai shiga kunnena ba.

Saura abu ɗaya: ɗurar rana, ina makaranta. Da yamma na sami Sakinatu a madafa tana kwashe tuwo. Na tsuguna kusa da ita, na gaya mata abin da aka gano, na ce, "Na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah. Ki dawo gado, ki kuma taimake ni da ita."

Ta ci gaba da mulmula tuwon, ba ta ɗago ba. "Ba komi, Yaya. Auduga kam, ban taɓa nuhinta da sharri ba."

Na rungume ta. Daɗi ya hana ni auna maganar.

Auduga ta warke kamar ba ita ba. Haɓarta ta bushe, ta yi ƙiba, in tana niƙar harawa har daga shigifa ana jin ƙurus-ƙurus. Ba ta ƙara shaƙewa ba. Tun kafin harshenta ya gama warkewa Baba ya sauka da dilolinsa a bayan tirela, ya rame, ya yi baƙi, yana ta tsine wa jiragen ruwa. Kwanakin farko yana gida yana hutawa. Ni ina fita da safe, shi yana zaune a shigifa da carbi, abin da yake gani kullum shi ne Sakinatu da zomanya a cinya tana ɗura mata kunu.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wani dattijo mai farin gemu ya yi sallama da ƙullin goro. Malam Maigandi, kawun Siddiƙu, daga ƙauye ya zo. Suka daɗe a zaure. Ni ina ɗaki na canja ɗankwali ya fi a ƙirga. Ko Inna sai da ta ce, "To, ashe mai shanun da gaske shi kai."

Da baƙon ya tafi, Baba ya shigo tsakar gida ya zauna kan buzunsa, ya ajiye goron a gabansa. Ya ce a kira masa yaran nan. Duka biyu.

Muka durƙusa gefe da gefe. Inna na bakin ƙofar ɗakinta.

"Mutanen Siddiƙu malamin dabbobi sun zo neman iri," in ji Baba. "Na san gidansu, ba ni da ja. Sai dai tsohon ya ban dariya. Nac ce wace cikin ɗiyan nawa, don biyu gare ni. Yac ce sunan ya ɓace mai a hanya, amma yaron ya ce in an ce mai zomo, kowa ya sani."

Sai maganar Siddiƙu ta dawo mini. Gidanku, haka ya ce a ɗakin nan mai teburin ƙarfe. Zan turo kawuna gidanku. Bai ce wurinki ba.

Inna ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Bari su hwaɗi da kansu. Ni na daɗe ba ni gari, ban san abin da anka ƙulla bayana ba." Ya dube ni, ya dubi Sakinatu. "To, wace ta mai zomo cikinku?"

Kunya ta hana ni cewa ni ce. Wace ɗiya ce za ta dubi idon mahaifinta ta ce ni ake so? Na sunkuyar da kai na saki raina, don na san Sakinatu za ta ce, ta Yaya ce. Kalma uku kacal, magana ta ƙare. Na ɗan zungure ta da gwiwar hannu.

Ta gyara zama. Ta ɗago kai a hankali, sai a lokacin na ga kwalli raɗau a idonta, ga shi yau ba Laraba ba.

"Baba," ta ce, muryarta ko rawa babu, "ni ka ba ta abinci."